Alhaji Adamu Halilu, Gwanin Majigi na Arewa

A ajinmu akwai ɗalibai da dama da ke cewa idan sun gama makaranta aikin jarida za su karanta, wasunsu kuwa ɗaukar hoto mai motsi ne babban burinsu. Saboda su, da kuma iyayenmu waɗanda har yanzu wasunsu ke ganin wannan sana'a wasa ce, na ga ya kyautu in kawo taƙaitaccen tarihin wani bawan Allah da ya bi wannan hanya tun ba a san bidiyo ba, watau marigayi Alhaji Adamu Halilu.

An haifi Adamu Halilu a garin Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yanzu, a shekarar 1936. Ya tashi ne a zamanin majigi. Kakanninmu sun san majigi sarai. Motar hukuma ce takan iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, in dare ya yi a ta da inji, jama'a su taru maza da mata, wani ma'aikaci kuma yana bayani ta lasifika. Da shi ake koya wa talakawa tsabta da rigakafi da noman zamani, kamar yadda aka yi a fim ɗin nan Baban Larai wanda dattawa ba su manta da shi ba. Tun a shekarar 1939 Turawan Ingila suka kafa ma'aikatar shirya irin waɗannan fina-finai domin ƙasashen da suke mulka. Amma fa a farkon al'amari su ne masu riƙe da kyamara, su ne kuma masu zaɓen abin da za a nuna. Namu kallo ne kawai.

Adamu yana cikin samarin farko na Arewa da suka ƙi tsayawa a kallo. Ya shiga aikin fim na gwamnati yana matashi, ya kuma tafi Landan ya ƙaro ilmin rubuta labarin fim da na tace hoto. Kada mu zaci koyon abu ne mai sauƙi. A wancan zamani ba a ganin abin da aka ɗauka nan take. Zaren fim ake sa wa kyamara, kuma naɗi ɗaya mai tsawon ƙafa 400 na ƙaramin fim ba ya wuce minti 11. Idan ya ƙare ya ƙare, ba a gogewa a sake. Sai an wanke shi da magunguna a ɗaki mai duhu, sau da yawa ma a ƙasar waje, kafin mutum ya san ko aikinsa ya yi kyau ko ya ɓaci. Murya daban ake ɗaukarta. Daga nan mai tacewa ya zauna ya yanka zaren da hannu, ya liƙa wannan da wancan har labari ya tashi. Saboda haka tilas mutum ya yi tunani, ya rubuta, ya auna haske, kafin ya taɓa kyamara.

Da irin wannan haƙuri ya yi shekaru yana shirya fina-finan gaskiya da na wayar da kai, har kimanin 70. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Mama Learns a Lesson na 1963, wanda ya shafi kiwon lafiya. Waɗannan ƙananan ayyuka su ne makarantarsa ta ainihi. A cikinsu ya koyi yadda ake shiga ƙauye da ladabi, a nemi izinin manya, a saurari mutane, sa'an nan a ɗauke su yadda suke ba tare da an wulaƙanta su ba.

Babban aikinsa ya fito a 1976, watau Shaihu Umar. Labarin na marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda ya rubuta shi yana malamin makaranta, aka buga a 1934. Labari ne na yaron da aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, ya ƙetare hamada zuwa Masar, ya zama babban malami, uwarsa kuwa ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita. Malam Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar. Da harshen Hausa aka yi fim ɗin, tsawonsa ya haura awa biyu, aka kuma nuna shi a bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda Nijeriya ta karɓi baƙuncinsa a 1977.

Mu mutanen Jihar Kebbi muna da namu rabo a aikinsa. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Zuru da Argungu da Yawuri duk suna cikin Jihar Sakkwato, ya shirya Kanta of Kebbi, a kan jarumin nan Muhammadu Kanta wanda ya fitar da Kabi daga ƙarƙashin daular Songhai a ƙarni na 16, ya kafa birnin Surame. Bayan an kafa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 1979, shi ne ya zama babban manajanta na farko. Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 2001, bayan ya ga farkon fina-finan bidiyo na Kano, waɗanda suka soma da Turmin Danya a 1990.

To, ga abin baƙin ciki. Duk da wannan wahala, shekara da shekaru aka yi ba wanda ke iya ganin Shaihu Umar, har aka ɗauka ya ɓace. Zaren fim ba ya jure zafi da laima. In aka yi sakaci da shi sai ya narke ya manne. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a wani ɗakin ajiya na hukuma. Wata cibiya ta birnin Balin a Jamus ta gyara shi, aka sake nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Da an ƙara 'yan shekaru, da wataƙila sai dai labari.

Darasi biyu na gani a rayuwar wannan dattijo. Na farko, kayan aiki ba su ne gwaninta ba. Wayar da ke aljihun yayyenmu ta fi kyamarar Adamu sauƙi nesa ba kusa ba, amma ba za ta koya wa kowa haƙuri da tsari da faɗin gaskiya ba. Na biyu, ɗauka rabin aiki ne, adanawa ita ce cikonsa.

A nan ƙasar Zuru muna da bikin Uhola, da kokawa, da al'adar golmo, da tsofaffin sojoji masu labari a baki, da dattawa masu jin C'lela tsantsa. Kowace shekara wasunsu na tafiya da abin da suka sani. Wanda ke son aikin jarida a cikinmu kada ya jira sai ya shiga jami'a. Ya fara da kakansa: ya nemi izini, ya shirya tambayoyinsa, ya ɗauka, ya rubuta rana da wuri da suna, ya ajiye a wuri fiye da ɗaya. Iyayenmu kuma muna roƙo su ba mu goyon baya, domin tarihinsu ne za mu tsare.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Halilu, ya sa mu yi koyi da kyawawan ayyukansa, amin.