Yohanna Bugenhagen, Makiyayin da Jama'a Suka Kira

Abin karantawa: Ayyukan Manzanni 6:1-6 da 13:1-3, 1 Timothawus 3:1-7.

Dukan wanda ya taɓa zama cikin ikilisiyar da ba ta da fasto ya san irin maganar da takan tashi a bakin ƙofar majami'a bayan sujada. Wani yana so a kawo ɗan gari, wani yana so a nemo mai ilimi, wani kuwa yana lissafi ko baiko zai isa a riƙe mai iyali. An sha jin irin wannan a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi. Fiye da shekara 500 da suka wuce mutanen Wittenberg, wani ƙaramin gari a ƙasar Jamus inda Martin Luther ya yi aikinsa, su ma sun shiga wannan hali. Mutumin da suka kira a ƙarshe sunansa Yohanna Bugenhagen, shi ne kuwa ya zama faston Luther kansa.

An haife shi ran 24 ga Yuni 1485 a Wollin, cikin ƙasar Pomeraniya, kusa da bakin teku. Yanzu garin yana cikin ƙasar Poland. Ya yi karatu a jami'ar Greifswald, a 1504 kuwa aka sa shi shugaban makaranta a Treptow tun bai cika shekara ashirin ba. A 1509 aka naɗa shi firist. Daga 1517 ya riƙa koya wa sufaye Littafi Mai Tsarki a gidansu na Belbuck.

A 1520 wani littafin Luther ya zo hannunsa, wanda ke tsauta wa Ikilisiyar Roma a kan koyarwarta game da Jibin Ubangiji da sauran farillai. Da ya fara karantawa ransa ya ɓaci, ya ɗauki marubucin mai bidi'a ne. Amma bai jefar da littafin ba. Ya sake karantawa, yana gwada shi da Nassi, har ya ga shi ne ya yi kuskure. Sai ya bar aikinsa da girmansa, ya tafi Wittenberg cikin watan Maris 1521 domin ya zama ɗalibi, yana da shekara 35. Ba a daɗe ba ya fara bayyana Zabura ga waɗansu 'yan ƙasarsu a ɗakinsa. Masu zuwa suka yi yawa har ɗakin ya gaza, aka roƙe shi ya koyar a fili cikin jami'a. A 1522 ya auri wata yarinya mai suna Walpurga, abin da dokar Roma ta hana firistoci.

Cikin watan Satumba 1523 Simon Heins, tsohon firist na babbar majami'ar gari, ya rasu. Bisa ga al'adar dā, jama'ar da ke sujada a wurin ba su da ta cewa a kan magajinsa. Ikon zaɓe yana hannun ƙungiyar firistoci ta Majami'ar Dukan Tsarkaka, wadda ke cikin fadar sarki, waɗansu daga cikinsu kuwa suna riƙe da tsohuwar koyarwa. Aka yi ta jinkiri. Waɗanda aka fara nema ba su yarda ba. Da majalisar gari ta ga makonni suna wucewa garke kuwa ba makiyayi, sai ta haɗu da wakilan jama'a, suka zaɓi Bugenhagen cikin watan Oktoba.

Ba da ka suka yi wannan ba. A wannan shekara Luther ya rubuta wani ɗan littafi saboda mutanen Leisnig, waɗanda suka zaɓi fastonsu ba da izinin shugaban sufaye mai ikon wurin ba. Ya nuna daga Yohanna sura 10 cewa tumaki ne ke gane muryar makiyayi, saboda haka jama'ar masu bi suna da iko su auna koyarwa, su kuma kira mai koya musu idan waɗanda aka ba amanar sun ƙi yi. Amma a lura da ɗaya gefen. Luther bai ce kowa ya miƙe ya ɗora wa kansa aikin ba don yana ji a zuciyarsa an kira shi. Shaidar bangaskiya da aka karanta a Augsburg a 1530 ta kafa a sashi na 14 cewa kada kowa ya yi wa'azi a gaban jama'a, ko ya ba da farillai, sai an kira shi bisa ga ƙa'ida. Haka ya faru a Antakiya. Ruhu Mai Tsarki ne ya keɓe Barnaba da Shawulu, amma ikilisiya ce ta yi azumi da addu'a ta ɗibiya musu hannu.

Bugenhagen kansa ya yi shakka, gama abin da ake biyan fasto kaɗan ne, ga shi da iyali. Ya nemi a ba shi lokaci ya yi tunani. Luther bai jira ba, ya hau mumbari ya sanar wa jama'a an zaɓe shi. Ni ban ce wannan gaggawa abin koyi ba ce. Dattawan da ke neman fasto ya kamata su tsai da maganar abin zaman gidansa tun kafin su ambaci sunansa a gaban jama'a, domin kada su sa bawan Allah ya zaɓa tsakanin kunya da yunwa.

Akwai wani abu kuma da ya cancanci mu dakata a kai. Bugenhagen baƙo ne a Wittenberg. Harshen da ya sha a nono shi ne Jamusancin arewa, wanda ya bambanta ƙwarai da na Luther, har mutanen gari suka riƙa kiransa Dokta Pomer, watau mutumin Pomeraniya. Ba shi da dangi a majalisa. Abin da suka sani game da shi shi ne shekara biyu da rabi suna ganin zamansa suna jin koyarwarsa. Cikin halayen da Bulus ya lissafta wa Timothawus akwai kamewa, da karɓar baƙi, da iya koyarwa, da riƙon gida da kyau, amma ba a ambaci garin haihuwa ba. Ikilisiyar da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro ke zama a benci ɗaya za ta amfana idan ta sake karanta wannan jeri a hankali kafin ta soma ambaton sunaye.

Ya riƙe wannan aiki har mutuwarsa. Shi ya ɗaura auren Luther da Katarina ran 13 ga Yuni 1525. A wurinsa Luther yakan furta zunubansa, sa'ad da baƙin ciki ya danne shi kuwa, Bugenhagen ne yakan zauna kusa da shi yana tuna masa alkawaran Allah. Luther kuma yakan karɓi maganar kamar daga bakin Ubangiji, domin wannan shi ne faston da aka kira dominsa. A 1527 annoba ta shiga gari, jami'a ta ƙaura zuwa Jena, amma su biyu suka tsaya suna ziyarar marasa lafiya suna binne matattu. Yana da aibinsa. Wa'azinsa yakan yi tsawo ƙwarai, har Luther yakan yi masa ba'a a kai, bai kuwa taɓa warkewa daga wannan ba.

Da yake aikina juyi ne, ba zan wuce wannan ba: ya lura mutanen arewa ba su jin Littafin da Luther ya juya sosai, sai ya shugabanci aikin mai da shi cikin harshensu. Aka buga shi cikakke a Lübeck a 1534, ya riga na Luther kansa fitowa da 'yan watanni.

Sauran garuruwa suka yi ta aikowa a ba su aronsa domin ya shirya musu tsarin ikilisiya. Ya je Braunschweig a 1528, Hamburg a ƙarshen wannan shekara, sa'an nan Lübeck, sa'an nan ƙasarsu Pomeraniya. A kowane wuri ya rubuta yadda za a kira fasto, a jarraba shi, a biya shi, da yadda za a kafa makarantu na yara maza da mata, da asusun matalauta. Duk sa'ad da ya yi tafiya Luther ne yakan hau mumbarinsa ya riƙe masa aiki.

Tafiyarsa mafi tsawo ita ce ta ƙasar Danmak, daga 1537 zuwa 1539. Ran 12 ga Agusta 1537 ya sa wa Sarki Kiristiyan na Uku rawanin sarauta, ran 2 ga Satumba kuwa ya keɓe mutum bakwai su zama masu duba ikilisiyoyi a maimakon bishop-bishop na dā, ko da yake shi kansa fasto ne kawai. Tsarin da aka kafa a can ya ce a birni magajin gari da majalisa za su zaɓi fasto, a ƙauye kuwa jama'a za su fid da mutum bakwai masu mutunci su yi zaɓen. Daga nan sai mai duba ikilisiyoyi ya jarraba koyarwarsa kafin a ɗibiya masa hannu. Watau jama'a ba su gama maganar su kaɗai, shugabanni kuma ba su gama ta su kaɗai. Daga cikin wannan ikilisiya ta Danmak ne Dokta Niels Bronnum ya fito ya isa Numan a 1913 da bishara. A 1948 aka naɗa fastoci biyar na fari 'yan ƙasa a ikilisiyar da yau ake kira LCCN. A yawancin ikilisiyoyin Kudancin Kaduna majalisar gunduma ko bishop ne ke aiko da fasto, amma tambayar ɗaya ce: wa ya auna mutumin, jama'a kuwa sun karɓe shi da zuciya ɗaya ko a'a?

Sau biyu aka miƙa masa sarautar bishop, ta Schleswig da ta Cammin a ƙasar haihuwarsa, inda akwai ƙasa da dukiya da girma. Ta biyun ta ba shi wahalar zuciya, amma duka biyu ya ƙi, ya zauna tare da jama'ar da suka kira shi tun ba shi da kome.

Ran 22 ga Fabrairu 1546 ya yi wa'azin jana'izar Luther daga 1 Tasalonikawa 4:13-14, yana hawaye. Shekarar da ta biyo baya yaƙi ya iso ƙofar gari, rundunar Sarki Karl na Biyar ta ci Wittenberg. Malamai da ɗalibai da yawa sun riga sun gudu. Shi kuwa ya tsaya, ya ci gaba da wa'azi a majami'arsa. Bayan yaƙin waɗansu abokan dā suka zarge shi da sassauci ga sabon sarkin ƙasar, wannan kuwa ya ɓata masa kwanakin tsufansa.

A 1557 ƙarfinsa ya kāsa, ya daina hawan mumbari, amma bai daina zuwa sujada ba. Ya rasu ran 20 ga Afrilu 1558 yana da shekara 72, aka binne shi cikin majami'ar gari. Har wa yau a bisa bagaden wannan majami'a akwai zanen da Lucas Cranach ya yi, inda aka nuna shi zaune a tsakiyar jama'arsa, yana riƙe da mabuɗai biyu, wani mai tuba kuwa ya durƙusa a gefensa. Paul Eber, ɗaya daga cikin malaman jami'a, shi ya gaje shi.