Peter Safar

Peter Safar (an haife shi ranar 12 ga watan Afrilu, 1924, ya mutu ranar 3 ga watan Agusta, 2003) likita ne ɗan asalin ƙasar Ostiriya wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Amurka. Ƙwararre ne a fannin sa majinyata barci yayin tiyata. An fi saninsa da haɗa dabarar farfaɗo da numfashi da bugun zuciya da ake kira CPR, da kuma horar da mutanen da ba likitoci ba su riƙa ceton rai tun kafin a kai ga asibiti.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Safar a birnin Vienna. Mahaifinsa likitan ido ne, mahaifiyarsa kuma likitar yara. Bayan da Jamus ta haɗiye Ostiriya a shekarar 1938, iyayen nasa sun rasa ayyukansu a ƙarƙashin mulkin Nazi, domin mahaifiyar tana da jinin Yahudawa, mahaifin kuma ya ƙi shiga jam'iyyar. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Vienna a 1948, ya tafi Jami'ar Yale a Amurka, daga nan ya ƙware a fannin sa barci a Jami'ar Pennsylvania. Ya auri Eva Kyzivat a 1950. Ya yi aiki na ɗan lokaci a Lima, babban birnin Peru, kafin ya koma Baltimore.

Binciken Baltimore

A wancan zamani, idan mutum ya daina numfashi, ana danna bayansa ne ko ƙirjinsa ana ɗaga hannuwansa, da zaton iska za ta shiga huhu. A 1956 Safar ya haɗu da Dakta James Elam, wanda ya riga ya nuna cewa iskar da mutum ke fitarwa daga bakinsa tana da isasshen iskar oksijin da za ta riƙe ran wani. Safar ya ɗauki wannan ya gwada a Asibitin Birnin Baltimore ta hanyar da da wuya a amince da ita a yau. Likitoci da ɗaliban likitanci da ma'aikatan jinya sun sa kansu, aka yi musu allurar barci da maganin da ke sanƙarar da tsoka har suka kasa numfashi da kansu, sannan aka jarraba kowace dabara a kansu.

Sakamakon ya nuna tsofaffin dabarun ba sa shigar da iskar kirki, saboda harshen wanda ya suma yana faɗawa baya ya toshe maƙogwaro. Idan aka karkatar da kai baya aka ɗaga haɓa, hanya tana buɗewa, hura iska baki da baki kuma tana aiki. Abin da ya fi muhimmanci ga tarihin wannan fanni shi ne waɗanda suka yi hurawar: akwai 'yan kwana-kwana, akwai yara 'yan sikawut, kuma sun iya bayan an nuna musu na ɗan lokaci. An wallafa binciken a 1958. A 1960 wasu masu bincike uku na Johns Hopkins, wato Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka nuna cewa danna ƙirji daga waje yana tura jini. Safar ya jera matakan a matsayin A, B, C: buɗe hanyar iska, numfashi, sai zagayawar jini.

Koyar da dabarar ga jama'a na buƙatar abin gwaji. Wani mai ƙera kayan wasan yara a Norway, Asmund Laerdal, ya samar da 'yar tsana mai girman mutum mai suna Resusci Anne a 1960, tare da shawarar Safar da likita Bjørn Lind. A 1961 Norway ta shigar da darasin cikin makarantunta.

Freedom House

A 1961 Safar ya koma Jami'ar Pittsburgh ya kafa sashen sa barci. A 1966 'yarsa Elizabeth, mai shekara 11, ta mutu sakamakon tashin ciwon asma yana wajen taro. An samu an dawo da bugun zuciyarta, amma ƙwaƙwalwarta ta riga ta lalace saboda rashin iska. Wannan rashi ya ƙara karkata hankalinsa ga mintunan da ke tsakanin gida da asibiti.

A lokacin, 'yan sanda da masu sana'ar shirya jana'iza ne ke kwasar marasa lafiya a yawancin biranen Amurka, ba tare da wani magani a hanya ba. Unguwar Hill District ta baƙaƙen fata a Pittsburgh ta fi shan wahala. A 1967 Phil Hallen, shugaban wata gidauniyar lafiya, da ƙungiyar Freedom House suka nemi Safar ya horar da mazauna unguwar. Da yawa cikin waɗanda aka ɗauka ba su da aiki, wasu ko sakandare ba su gama ba. Ya tsara musu kwas na kimanin sa'o'i 300, a aji da ɗakin tiyata da sashen gaggawa, suka koyi CPR da tsayar da jini da karɓar haihuwa da sa ƙarin ruwa. Motocinsu sun fara aiki a 1968. Daga baya Dakta Nancy Caroline ta karɓi jagorancin horon, kuma manhajar da ta rubuta ta zama tushen ta ƙasa baki ɗaya.

Ƙarshen Freedom House bai yi daɗi ba. Gwamnatin birnin a ƙarƙashin magajin gari Peter Flaherty ta janye tallafi ta kafa nata sashen, aka rufe shi a watan Oktoba na 1975. Ma'aikatan da suka share hanyar, kaɗan ne suka daɗe a sabon tsarin, kuma an yi shekaru ana ba da tarihin fannin ba tare da ambatonsu ba.

Tasiri a makarantu

A yau mafi yawan jihohin Amurka sun wajabta koyon CPR kafin ɗalibi ya gama sakandare, wasu makarantun ma suna bai wa 'yan ajin ƙarshe cikakken kwas na ma'aikacin agajin gaggawa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan kiran a riƙa koya wa yara sa'o'i biyu a shekara daga shekara 12. A Najeriya irin wannan horo ya fi zuwa ta hannun Red Cross da ƙungiyoyin 'yan agaji. Matsalar da Safar ya tarar sananniya ce a nan: wanda hatsari ya rutsa da shi a Kwangila ko Palladan, sau da yawa masu wucewa ne ke fara taɓa shi kafin a isa asibitin koyarwa na Shika.

Shekarun ƙarshe

A 1979 ya kafa cibiyar binciken farfaɗo da majinyata a Pittsburgh, wadda aka sa wa sunansa a 1994. A can ya mayar da hankali kan kare ƙwaƙwalwa ta hanyar sanyaya jikin wanda zuciyarsa ta tsaya. An gabatar da sunansa sau uku don kyautar Nobel amma bai samu ba. Ya mutu sakamakon cutar daji a gidansa da ke Mount Lebanon, kusa da Pittsburgh, yana da shekara 79.