Abebe Bikila: Gwarzon Habasha da bai san saranda ba

An haifi Abebe Bikila ran 7 ga Agusta 1932 a ƙauyen Jato na ƙasar Habasha. Yana aikin soja cikin dogaran Sarki Haile Selassie aka gano baiwarsa ta gudu.

A wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960, ya lashe gudun famfalaki na kilomita 42 ba takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci lambar zinariya a Olamfik.

A 1964, saura ƴan makonni a fara wasannin Tokyo, aka yi masa tiyata a ciki. Mutane da dama suka fid da rai, amma ya sake zuwa na ɗaya, har ya kafa sabon tarihin duniya.

A watan Maris na 1969 ya yi hatsarin mota, ƙafafunsa suka shanye. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya yi watanni yana jinya. Bai ƙara takawa ba, amma bai bar wasa ba: a 1970, daga kan keken guragu, ya shiga gasar naƙasassu a harbin kibiya da ƙwallon tebur.

Ya rasu ran 25 ga Oktoba 1973 yana da shekara 41, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa. Sarki da kansa ya halarci jana'izarsa. Har yau akwai filin wasa mai sunansa a Addis Ababa.