Rayuwar Sharl da Fuko, baƙon Abzinawa

Mu da neman abinci ya kai Arlit da Akokan mun ga yadda Katolika kan taru kowace Lahadi a majami'arsu, ƴan Dogondutsi da baƙi daga Benin da Togo, kowa nesa da gida. Ga labarin wanda ya riga su zama baƙo a wannan hamada.

An haifi Sharl da Fuko a Faransa a 1858. Ya yi soja, ya yi sharholiya, sannan ya tuba a 1886, ya zama limamin Katolika a 1901. A 1905 ya zauna Tamanrasat, arewa da mu, cikin Abzinawa Musulmi. Ƙa'idar lokacin ba ta yarda limami ya yi babbar addu'a ba tare da mai taya shi ba, shi kuwa ba shi da kowa. Kirsimetin 1907 haka ta wuce shi.

A farkon 1908, ana cikin fari, ciwo ya kwantar da shi. Maƙwabtansa suka bi zango zango suna neman nonon awaki har ya miƙe. Shi kuma ya rubuta ƙamus na harshensu, ya tattara waƙoƙinsu.

An kashe shi ran 1 ga Disamba 1916, watan da Kawsan ya kewaye Agadas. A 2022 Paparoma ya sa shi cikin waliyyai.

Mu da ke baƙunci, mu riƙe maƙwabci da kyau.