Bernhard Schmidt: Mai Hannu Ɗaya da Ya Faɗaɗa Hangen Sama

Ya kai ɗalibi, idan ka leƙa Kasuwar Kure ta Minna ta wata ’yar huda, rumfa ɗaya ko biyu kaɗai za ka gani. Haka masana taurari suka daɗe suna fama. Manyan maduban hangen nesa na da suna nuna ɗan yanki ne kawai na sararin samaniya, kuma taurarin da ke gefen hoton sukan fito dishi-dishi. Mutumin da ya magance wannan matsala shi ne Bernhard Schmidt.

An haife shi a shekarar 1879 a tsibirin Naissaar na ƙasar Istoniya. Yana ɗan shekara 15 albarushi ya fashe masa, ya rasa hannunsa na dama. Amma bai karaya ba. A 1901 ya tafi garin Mittweida na Jamus don neman ilimi. A can ya shahara wajen goge gilashi da madubi da hannun hagu, har masana suka riƙa sayen aikinsa.

A 1926 ya koma cibiyar nazarin taurari ta Hamburg. A 1929 ya bi masanin nan Walter Baade zuwa Filifin don kallon husufin rana. Shekara ɗaya bayan haka, ya ƙera sabuwar na’urarsa. Ga dabarar: ya sa madubi mai zurfi kamar ƙwarya a ƙasan bututu, sannan ya ɗora siririn gilashi a bakinsa. Gilashin yana gyara hanyar haske kafin ya isa madubin. Faɗinsa santimita 36 ne kacal, amma na’urar tana ɗaukar hoton babban yanki na sama, kowane tauraro ya fito tangaran.

Schmidt ya rasu a Hamburg a 1935, bai ga cikar amfanin aikinsa ba. Daga 1949 zuwa 1958, masanan dutsen Palomar a Amurka sun yi amfani da irin na’urarsa wajen ɗaukar hotunan sararin samaniyar arewa. Na’urar Kepler da aka harba a 2009 don neman duniyoyi masu kewaya wasu taurari, ita ma a kan tsarinsa aka gina ta.

Ka lura, rashin hannu bai hana shi aikin da ya gagari masu hannu biyu ba.

Tambayoyi
1. Wace matsala ce Schmidt ya magance?
2. Mene ne aikin siririn gilashin?