Taƙaitaccen Tarihin J. C. Leyendecker, Mai Zanen Tallar Tufafi

An haifi Joseph Christian Leyendecker a garin Montabaur na ƙasar Jamus cikin shekarar 1874. Yana ɗan shekara takwas iyayensa suka yi ƙaura zuwa Chicago ta Amurka. A can ya fara koyon zane, daga bisani ya tafi birnin Faris ya ƙaro ilmi.

Abin da ya fito da sunansa shi ne hotunan da ya riƙa zanawa domin tallar kwalar riga mai suna Arrow. Ba ya kwaikwayo daga hoton kyamara, sai dai ya tsayar da mutum a gabansa ya yi ta gwaji. Da fentin mai yake aiki, yana jan buroshi layi-layi, ya bar kowane ja a bayyane bai shafe shi ba. In mai kallo ya matso, layuka kurum zai gani. In ya ja da baya kuwa, sai ga karin guga da taurin kwalar da ta sha sitati. Wannan gwaninta ita ce ta sayar da hajar.

Ya zana bangon mujallar Saturday Evening Post har sau 322, na ƙarshe a 1943. Daga nan kasuwarsa ta ja baya. Ya rasu a New Rochelle a 1951, aka sayar da zane-zanensa da yawa a arha. A yau kuwa gidajen tarihi ke adana su, manazarta na koyon sarrafa buroshi daga abin da a da aka ɗauka talla ce kawai.