Taƙaitaccen Tarihin Bernadette Soubirous (1844–1879)

Gabatarwa

Mabiya ɗarikar Katolika suna ɗaukar Maryamu, mahaifiyar Yesu Almasihu, a matsayin uwarsu ta sama mai roƙa musu gafara da rayuwa ta har abada. Daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan ƙauna akwai wata yarinya 'yar talakawa mai suna Bernadette. Tarihinta zai amfani ɗalibin harshe, domin harshen uwa ya taka rawa babba a cikinsa.

Haihuwa da Tasowarta

An haifi Bernadette ranar 7 ga Janairu, 1844, a garin Lourdes da ke kudancin Faransa, kusa da iyakar Sifen. Mahaifinta mai niƙan hatsi ne, amma karayar arziki ta same shi, har iyalin suka koma zama a ɗaki guda na wani tsohon kurkuku. Kwalara ta kama ta tana ƙarama, ta bar ta da asma. Ba ta jin Faransanci sosai, sai wani karin harshen Osita na yankinsu. Da yake da Faransanci ake koyar da karatun addini, ta kai shekara 14 ba ta haddace shi ba.

Abin da ya Faru a Kogo

Ranar 11 ga Fabrairu, 1858, ta tafi itace da ƙanwarta da wata ƙawarsu. A bakin kogon Massabielle ta ce ta ga wata mace sanye da fararen kaya, riƙe da carbi. Ta ce ta gan ta sau 18, na ƙarshe ranar 16 ga Yuli. A cewarta, matar da karin harshen ƙauyensu ta yi mata magana, cikin girmamawa. Ta kuma shaida mata cewa ba ta yi mata alkawarin jin daɗin duniya ba, sai na lahira. Ranar 25 ga Fabrairu ta tona ƙasa a kogon, ruwa ya ɓuɓɓugo.

'Yan sanda sun yi mata tambayoyi, limamin cocin garin, Fada Peyramale, ya ƙi gaskata ta sai matar ta faɗi sunanta. Ranar 25 ga Maris Bernadette ta kawo masa amsa, tana ta nanata kalmomin a hanya don kada su kuɓuce mata, domin ba ta san ma'anarsu ba. Ma'anar ita ce wadda aka ɗauki cikinta ba tare da zunubin asali ba, aƙidar da Fafaroma Pius na 9 ya tabbatar game da Maryamu a 1854. Wannan ya girgiza limamin. A 1862 bishof na Tarbes ya amince da labarin.

Ƙarshen Rayuwarta

Bernadette ba ta ci ribar shahara ba. Ta ƙi karɓar kuɗin da maziyarta suke miƙa mata. A 1866 ta shiga ƙungiyar sistoci a Nevers, inda ta taimaka wajen jinyar marasa lafiya, kuma ba ta sake komawa Lourdes ba. Dubban jama'a suna neman waraka a ruwan da ta tono, ita kuwa tarin fuka ya ci ƙashin gwiwarta. Ta rasu ranar 16 ga Afrilu, 1879, tana da shekara 35. Fafaroma Pius na 11 ya ayyana ta waliyyiya ranar 8 ga Disamba, 1933.

Kammalawa

Tasirinta ya wuce Faransa. Tun 1993 Katolika a duk duniya suke kiyaye 11 ga Fabrairu a matsayin ranar marasa lafiya. A jihar Borno ma, lokacin da rikicin Boko Haram ya rusa coci-coci ya tarwatsa jama'a, bishof na Maiduguri, Oliver Dashe Doeme, ya yi kira ga mabiyansa a 2015 su riƙe addu'ar carbi. Abin da suka dogara da shi shi ne abin da Bernadette ta rayu a kai, wato wahalar duniya mai wucewa ce, hutu yana gaba.